Bayan An Tashi Daga Zaman Sulhu, Wa Zai Yi Sauran Aikin?



Tun da aka fara zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin jihar nan, daga Jibiya zuwa Batsari, Safana da Ɗanmusa, har aka zo kan na Kurfi a yankin Wurma cikin watan Agustan 2025, muhawararmu ta tsaya cak wuri guda. Wasu na cewa sulhu alheri ne, ko banza talaka ya koma gona. Wasu na cewa an miƙa wuya ga ɓarayi ne kawai. Kowa ya ja daga, ana ta jifan juna da hotuna da bidiyo. To ni abin da ke damuna daban ne. Ko sulhun ya yi maka daɗi ko bai yi maka ba, an dai riga an zauna, an yi musabaha, an tashi. Aikin da ke biyo bayan tashin fa, wa zai yi shi? Mutum nawa gare mu a Dutsin-Ma da Kurfi da suka san yadda ake maido da ƙauyen da ya watse, yadda ake karɓar bindiga daga hannun yaron da ya tashi da ita, da yadda ake zaunar da wanda aka kashe wa uba kusa da wanda ya kashe shi?

Ra'ayina shi ne wannan aiki sana'a ce. Koyonta ake yi kamar yadda ake koyon likitanci ko aikin injiniya, akwai ƙasashen da suka sha wuya suka ƙware a kanta, kuma ya kamata mu tura 'ya'yanmu ɗalibai su je su gani da idonsu su dawo su yi mana. Idan ba mu yi haka ba, za mu maimaita abin da muka riga muka gani.

Don kuwa mun gani. A zamanin Gwamna Aminu Bello Masari an yi sulhu har sau biyu. Na biyun, a watan Satumbar 2019, gwamna da kansa ya bi ƙananan hukumomin da ke bakin daji yana zama da shugabannin dabobi. Ba a rufa shekara ba ya fito ya ce shi da sulhu har abada, an ci amanarsa. A tsakiyar 2020 aka bi Hakimin 'Yantumaki har gida aka kashe shi. A watan Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Oktobar 2023 aka shiga har masaukin ɗalibai a cikin garin Dutsin-Ma aka ɗauke 'yan mata biyar na Jami'ar Tarayya. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ba ya bukatar a gaya masa cewa musabaha kaɗai ba ta riƙe zaman lafiya.

Abin da ya sa na ce sana'a ce, na taɓa ganin masu yin ta. Lokacin ina ɗalibin digiri na biyu na samu damar zuwa ƙasar Saliyo aikin sanin makama na wata shida da wata ƙungiyar raya karkara, bayan annobar Ebola ta lafa. Gundumar Kailahun aka tura ni, can gabashin ƙasar, kan iyakarsu da Laberiya da Gini. Ƙasa ce ta koko da gahawa da kwakwar manja da shinkafa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, hanyar da za ka yi a awa ɗaya da rani sai ta ci maka wuni guda da damina. Aikina ba wani babba ba ne. Ina bin ma'aikata ƙauye-ƙauye, ina cike takardun tambayoyi, ina rubuta bayanan tarurrukan ƙungiyoyin manoma da na adashen mata. Amma irin wannan ƙaramin aiki shi ke sa mutum ya zauna kan benci ɗaya da talakawa ya ji abin da ba ya shiga rahoto.

Ga wanda bai san labarin ba, a wannan gunduma ta Kailahun yaƙin Saliyo ya fara, a ƙauyen Bomaru, cikin watan Maris na 1991. 'Yan tawayen RUF ƙarƙashin Foday Sankoh sun shafe shekara goma sha ɗaya suna ɓarna. Ana ƙiyasta mutum 50,000 ko fiye sun mutu. An yanke wa mutane hannuwa, an ɗauki ƙananan yara an ɗura musu ƙwaya an ba su bindiga. Sojojin Najeriya ƙarƙashin rundunar ECOMOG sun zubar da jininsu a can, su ne suka maido da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, har wani hafsanmu, Maxwell Khobe, ya zama babban hafsan tsaron ƙasar. Har yau in ka ce kai ɗan Najeriya ne a ƙauyukan nan, za ka samu dattijon da zai ba ka labarin sojojinmu, wani mai daɗi wani marar daɗi.

Darasi na farko da na ɗauko shi ne na bindiga. A watan Yulin 1999 an yi yarjejeniyar zaman lafiya a birnin Lome. An yi wa 'yan tawaye afuwa, an ba Sankoh shugabancin hukumar da ke kula da ma'adinan ƙasa, da matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa. An yi murna, an ɗauki hotuna. Amma makamai na hannun yaransa. A watan Mayun 2000, ƙasa da shekara guda, suka kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500 suka yi garkuwa da su, yaƙi ya dawo ɗanye. Zaman lafiyar gaskiya bai samu ba sai da aka kafa sansanoni, aka bi gunduma-gunduma ana karɓar makamai, ana rubuta sunan kowane mayaƙi da lambar bindigarsa, har aka kwance ɗamarar mutum sama da 70,000. Sannan ne a watan Janairun 2002 Kabbah ya tsaya ya ce yaƙi ya ƙare, aka cinna wa tarin bindigogi wuta a gaban jama'a.

Yanzu ku tuna bidiyoyin zaman sulhun da muka riƙa turawa juna a waya. Mutane sun zo da bindigogi a rataye, da jigidar harsashi a ƙirji, sun yi jawabi, sun hau babura sun koma da kayansu. Na san dalilin da ake bayarwa: ba su yarda da mu ba tukuna, kuma wanda ya ajiye tasa yau, wata dabar za ta cinye shi gobe. Wannan magana tana da kamshin gaskiya, shi ya sa ma ba a karɓar makami rana ɗaya. Amma ko a hankali za a yi, dole a ce ga jadawali. Daba nawa ce ta shiga sulhun? Kowace tana da mutum nawa? Wane wata za a fara ajiyewa, a hannun wa, kuma wa zai tsare wanda ya ajiye? Idan babu mai amsar waɗannan tambayoyi a rubuce, to abin da muke da shi hutu ne, kuma mai hutu yana iya komawa bakin aiki duk ranar da ya ga dama.

Darasi na biyu shi ne abin da ake ba wanda ya ajiye makami. A Saliyo an koya wa tsofaffin mayaƙa sana'o'i na 'yan watanni, kafinta, ɗinki, gini, kanikanci, aka sallame su da akwatin kayan aiki. Da yawa sun sayar da kayan a kasuwa, saboda ba za ka yaye kafintoci hamsin a garin da mutum biyar ne ke iya sayen kujera ba. Abin da ya riƙe dubbai daga cikinsu sana'ar da ba wanda ya tsara musu ce, wato acaɓa. A Kenema da Bo da Makeni ƙungiyoyin 'yan acaɓa cike suke da mutanen da a da suke harbin juna. Na hau bayan irinsu ba sau ɗaya ba. Sun kama sana'ar ne don tana kawo kuɗin cefane kullum. Mu ma a nan, kafin wani ya zo da shirin raba kekunan ɗinki a gaban kyamara, a tambaya: yaron da ya tashi a daji bai san komai ba sai kiwo da bindiga, wace sana'a ce za ta ci da shi a Birchi ko Karofi? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jihar nan, da ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009, bai tsaya ga karɓar makamai ba. An kai su sansani a Obubra, an sa musu alawus na naira 65,000 a wata, an tura wasu karatu har ƙasashen waje. Shirin yana da nasa matsalolin, har yau gwamnati na biya, amma ya nuna cewa an yi tunanin washegari.

Darasi na uku ya fi kowanne ɗaci, shi ne na waɗanda aka zalunta. A Saliyo wanda ya yanke hannu ya samu horo da kayan sana'a tun farkon shekarun 2000. Wanda aka yanke wa hannun kuwa sai da ya jira. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta miƙa rahotonta a 2004 ta ce a biya diyya, amma ba a fara biyan komai ba sai wajajen 2009, kuma abin da aka fara bayarwa bai taka kara ya karya ba. Na zauna da wata tsohuwa da ta rasa 'ya'ya biyu a yaƙin. Abin da ta nuna mini shi ne ta yafe don Allah, amma har gobe tana jin zafin cewa hukuma ta fi sanin sunan wanda ya yi kisa a kan sunan wanda aka kashe.

Ku dubi namu. Akwai magidancin da ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansar matarsa. Akwai wanda ya jinginar da tasa, har yau tana hannun wanda ya ba shi kuɗin. Akwai wanda aka kore wa shanun huɗa, yanzu da fartanya yake noma abin da bai isa wata huɗu ba. Akwai matan da aka sako daga daji da ciki, ko da goyo, mazansu sun juya musu baya. Akwai iyalan da suka baro ƙauye suka cika kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin Dutsin-Ma da Kurfi da birnin Katsina, yaransu sun shekara uku huɗu ba makaranta. Idan aka gina wa tubabbe asibiti da rijiya da makaranta, aka ce wa waɗannan su yi haƙuri, to an shuka wata fitinar. Yaron da ya ga an yanka ubansa yana ɗan shekara goma, yanzu ya kai sha biyar ko sha shida, kuma yana kallon yadda ake rabon.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi ganin mun yi sake da shi, wato rubutu. A Saliyo hukumar gaskiya ta karɓi bayanan dubban mutane, ta rubuta wa aka kashe, a ina, yaushe, wa ya yi. Ta kuma faɗa wa masu mulki gaskiya cewa shekarun rashin adalci da cin hanci da watsi da matasa su suka share wa yaƙin hanya. A Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994, kotunan gargajiya da ake kira gacaca sun saurari shari'o'i kusan miliyan biyu daga 2002 zuwa 2012, a filin ƙauye, a gaban kowa. An soki kotunan ta fuskoki da dama, amma dai sun bar tarihi a rubuce. Mu fa? Je ka tambayi mai unguwa a Tsauri ko Kuki, zai lissafo maka da ka waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Yana nan a kansa da kan limamin garin da tsofaffin mata. Ranar da suka kwanta dama, lissafin ya bi su. Kuma ba yadda za a yi diyya, ko tallafin marayu na gaskiya, ko shari'a, ba tare da wannan lissafi ba. In babu shi, duk tallafin da ya zo sai ya bi hanyar da muka sani, ya ƙare a hannun masu uwa a gindin murhu.

Abu na ƙarshe da na gani a can ya fi kama da al'adarmu. Wani ɗan ƙasar mai suna John Caulker ya lura cewa kotun musamman da ta ɗaure manya, wadda ta yanke wa Charles Taylor shekara 50 a 2012, da ita kanta hukumar gaskiya, duk ba su kai ga ƙananan ƙauyuka ba. Sai ya kafa wani shiri mai suna Fambul Tok, ma'ana hirar dangi, aka fara shi a Kailahun a 2008. Ana shafe watanni ana share fage, ana bin mai laifi da wanda aka yi wa laifi ɗaya bayan ɗaya. Sannan a hura wuta da dare a dandali, wanda aka zalunta ya tashi ya faɗi abin da aka yi masa, wanda ya yi ya tashi ya amsa da bakinsa ya nemi gafara. Bayan nan a kafa kwamitin da zai ci gaba da bibiya, wani wurin har da gonar haɗin gwiwa. Abin lura a nan shi ne amsa laifi yana zuwa kafin yafiya. A zaman da ake yi a wajenmu, manya ne ke yafewa a madadin waɗanda ko gayyatarsu ba a yi ba.

Wani zai ce to ai sai a kira ƙungiyoyin agaji na duniya su zo su yi mana. A nan ne zamana cikinsu ya yi mini amfani. Akwai mutanen kirki a cikinsu, masu aiki tsakani da Allah. Amma tsarin aikin yana da iyaka. Mu kan shiga ƙauye da farar mota da safe, mu fita kafin la'asar. Ba na jin yaren Mende, sai da tafinta, kuma tafinta yana tace abin da ya ga dama. Wani dattijo ya nuna mini cewa ƙungiyoyi sun rubuta sunansa ya fi a ƙirga, bai taɓa ganin abin da rubutun ya haifa ba. Shiri na shekara biyu ne ko uku, ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare, a kulle ofis a cire allo. Mafi yawan lokacinmu yana tafiya ne wajen rubuta rahoton da zai gamsar da wanda ke zaune a Turai. Waɗanda na ga suna riƙe da zaman lafiyar ƙauyukan nan 'yan garin ne: malamin firamare, ungozoma, limami, fasto, shugabar adashe, waɗanda aka ba horo kaɗan kuma ba inda za su. Saboda haka baƙo zai iya kawo kuɗi da dabara, amma aikin sai ɗan gida.

Ban ce a kwafo Saliyo a manna a Katsina ba. Su 'yan tawayensu suna da shugaba da za a sa hannu da shi, namu dabobi ne barkatai, wanda ya yi sulhu a Kurfi ba shi da iko da wanda zai taso daga Zamfara ya ratso dajin Rugu. Su sun samu sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da 17,000, mu ba wanda zai turo mana. Kuma tushen rikicinmu yana da alaƙa da ƙasa da kiwo. Ta wannan fuska maƙwabtanmu na Nijar sun fi kusa da mu. A 1991 an yi mummunan kisa a Toda cikin jihar Maraɗi, inda aka hallaka Fulani sama da ɗari, akasari mata da yara, kan rikicin manoma da makiyaya. A 1993 ƙasar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta samar da kwamitocin kula da filaye tun daga matakin ƙauye, manomi da makiyayi da sarakuna da ma'aikatan gwamnati a zaune wuri ɗaya. Suna shata burtali su kafa masa alama, suna rubuta cinikin gona da jingina, suna sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Ba su rabu da rikici ba, amma suna da wurin kai ƙara kafin a zaro adda. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan awoyi ce, kuma Hausa ake yi.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan, ko da ba ta yi wa wasunmu daɗi ba. A duk zaman da aka yi, ƙorafin ɓangaren daji iri ɗaya ne: an cinye burtali da makiyaya, an tare mashaya, ana kama su a kasuwa, 'yan sa-kai sun kashe musu waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wannan ba hujjar sace matar mutum ko ƙona rumbunsa ba ce, kuma ba za ta taɓa zama hujja ba. Amma akwai Fulanin da ba su taɓa riƙe bindiga ba, ɓarayi sun kore musu shanu, mu kuma muka bi su da zargi. Lissafin da nake magana a kai dole ya haɗa da su. Wanda zai yi wannan aiki sai ya iya zama a ruga kamar yadda zai zauna a zauren mai gari.

To me nake so a yi? Abu uku ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfin jiha da ƙananan hukumomi.

Na farko, a sa makarantunmu aiki. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Duk shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. A zaɓi ɗalibai 'yan asalin gundumomin nan, a ba su horo kan yadda ake tambayar wanda ke cikin baƙin ciki ba tare da an fama masa ciwo ba, da yadda ake ɓoye sirrin mai ba da bayani. Su bi gunduma-gunduma ƙarƙashin inuwar Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina da dagatansu, su rubuta rayukan da aka rasa, dabbobin da aka kora, gonakin da aka sayar ko aka jinginar, makarantu da asibitocin da aka rufe. Mata su tambayi mata. A ajiye kundin a jami'a da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Na biyu, a tura ɗalibai waje don wannan fanni. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura 'ya'yan talakawa Masar karatun likita, ta tura wasu ƙasar Sin karatun fasahar zamani, kuma abin a yaba ne. A ƙara da wannan. Ba sai an kai su Ingila ko Amurka ba. Wata shida a Saliyo ko Ruwanda ko arewacin Yuganda, wata uku a Maraɗi wajen kwamitocin filaye, wata uku a Borno inda dubban 'yan Boko Haram da iyalansu suka miƙa wuya tun 2021, ko sansanin gyaran hali na Malam Sidi a Gombe, su ga abin da ya yi kyau da abin da ya lalace. Kuɗin ɗalibi ɗaya na likitanci zai ɗauki nauyin da yawa daga cikinsu. A sa sharaɗin cewa duk wanda ya je zai dawo ya yi wa ƙaramar hukumarsa aiki na wasu shekaru. A tabbatar akwai mata a ciki, akwai masu jin Fulatanci. Kuma don Allah kada a mayar da shi kason 'ya'yan manya ko ladan wahalar kamfe.

Na uku, a nemo waɗanda suka riga suka san aikin. Tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin sa-kai ƙasashen Afirka da wasu yankuna ƙarƙashin shirin TAC. Akwai tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya da Saliyo da Darfur. Akwai matasanmu da suka yi shekaru suna aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu da Diffa. Wasunsu suna nan cikinmu, suna zaune a majalisar shayi ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi za su iya tattara sunayensu cikin mako biyu, su sa su cikin kwamitocin da ke bibiyar sulhu, maimakon a cika kwamiti da waɗanda cancantarsu ita ce kusanci da mai gida.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Wani zai ce gwamnatin jiha ta sha faɗa cewa ita ba ta sulhu da 'yan bindiga, al'umma ce ke yi. To shi ke nan, ba abin da na lissafa da ke bukatar gwamna ya zauna da ɗan bindiga. Rubuta asarar talaka, horar da ɗalibai, shata burtali, duk aikin hukuma ne ko da sulhu ko babu. Wani zai ce ƙarfin soja ne kaɗai magani. Ko da soja da rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023 sun gama da daji gobe, marayun nan da gonakin da aka jinginar da yaran da suka tashi da bindiga suna nan suna jiranmu. Wani kuma zai ce irin wannan magana tana ba 'yan hamayya makami. Ni a ganina abin da zai ba su makami shi ne sulhun ya rushe a hannunmu kamar na 2019, mu rasa abin da za mu ce wa mutanen Wurma.

Saboda haka 'yan uwa, ga 2027 na ƙaratowa, masu neman kujeru sun fara zagayen gaisuwa da ta'aziyya. Duk wanda ya zo neman goyon bayanmu, daga kansila zuwa ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, mu tambaye shi abin da ya tanada wa washegarin sulhu. Ɗalibi nawa zai ɗauki nauyin horarwa? Zai tsaya a yi lissafin asarar gundumarsa? Me zai yi kan noman rani a madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama tun 1983 amma har yau ba ta ɗauki matasan da ya kamata ta ɗauka ba? Wanda ya ba da amsa mu rubuta mu ajiye, mu tuna masa in ya hau. Ku kuma ɗalibanmu na jami'a da kwaleji da ke karanta wannan, kada ku jira sai an kira ku. Ku fara da unguwarku, ku sayi littafi, ku zauna da mai unguwa da liman, ku rubuta sunayen da ranakun tun masu tunawa suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya zaunar da Dutsin-Ma da Kurfi da jihar Katsina baki ɗaya lafiya. Amin.